Ƙullin Kawu da Mashayar Hamburg

Tun da na dawo daga Jamus ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencinmu na bakin ruwa a Al Buteen, nan Dubai, sai wani ya jawo kujera: "Rabi'u, yaya ƙasar? Da gaske kifi ɗanye suke ci? Wai abin da aka ce game da Bashir haka ne?" Ta ukun ita ke kawo su, biyun farko share fage ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya isa International City. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. Na nemi izinin Kawu, ya ce abin da waya ta riga ta yaɗa ba shi da sauran asiri.

Ga wanda bai san mu ba, Kawu Sale wan mahaifiyata ne, ya fi shekara ashirin yana harkar kago a Murshid Bazaar. 'Yan kasuwa su sayo kaya, mu ɗaure, mu auna, mu tura Kano. Ni ke riƙe masa takardu. Bashir ɗansa ne na fari, taubashina ke nan, tare muka tashi a Fagge, tare muka sha duka. Shekara shida da suka wuce ya tafi Hamburg karatun injiniya. Bayan shekara biyu ya ajiye karatun, daga nan magana ta yanke tsakaninsa da ubansa. Da ma can maganar ba mai yawa ba ce, don Kawu mutumin da ne, yana alkunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunan Bashir a bakinsa ba. "Wancan" yake cewa, in ransa ya ɓaci ya ce "mutumin naku".

Ana nan sai wani ɗan bidiyo ya zaga wayoyin 'yan kasuwa. Ga Bashir a bayan kanta, kwalabe jere a bayansa har sama, yana girgiza wani kofin ƙarfe. Wani mai kayan takalma ya kunna shi a shagonmu, wai bai san Kawu yana bayan kwalaye ba. Allah kaɗai ya san ko bai sani ba. Kawu ya fito ya kalla har ƙarshe, ya koma ya ci gaba da aikinsa.

Bayan mako biyu wani abokin cinikinmu na Kano ya ce yana son tsohon injin ɗab'i daga Hamburg, amma sai wani ya je ya gani da ido. Kawu ya ce ni zan je. Neman biza ya cinye min kusan wata biyu, da takardun banki da na masauki da hoto wanda ba a yarda ka yi murmushi ba. Ranar da zan tashi, bayan la'asar, ya kira ni ƙuryar shago ya miƙo min wani ƙunshi.

Ya ce, "Uwarsa ce ta aiko. In ka gama da injin, ka duba wancan. Ba na son ji-ta-ji-ta. Abin da idonka ya gani shi zan ɗauka. In gaskiya ne giya yake sayarwa, khalas, ba ni ba shi, kuma zan kira 'yan'uwana in shaida musu."

Kawu ba ya magana biyu. Na ji da ma injin nan a Sin yake. Na ce, "To, Kawu." Ya ce, "Yalla, kada jirgi ya bar ka."

Awa shida da wani abu muka yi a sama. Mai duba fasfo bai wahalar da ni ba, ya tambayi ranar komawata sau biyu ya buga hatimi. Wajen kwastan ne wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mun yi alkawari. Wata jami'a ta ce in buɗe. Ƙunshin Kawu take so. To duk wanda ya san ɗaurin Kawu ya san ba wasa ba ne: leda, sannan buhu, sannan salatif rawaya a gicciye, sannan igiya da wani ƙulli nasa da ba ya kwancewa sai ka san inda za ka ja. Ta juya shi ta juya, ta haƙura ta sa wuƙa ta farke gefe.

Ga kilishi, ga yaji, ga kuka, ga daddawa, ga busasshen zoɓo, ga hula zanna a naɗe. Ta sansana daddawar ta ja da baya taku ɗaya, amma ta bar min ita. Kilishin ta ce haramun ne shiga da nama ƙasarsu. Na ce mata wannan ai ya wuce nama, an shanya shi, an gasa shi, mutuwa biyu ya yi. Ba ta yi dariya ba. Ta zuba shi a wani jan bokiti ina kallo, ta ce wannan karon gargaɗi ne. Wallahi har yau in na tuna bokitin nan sai raina ya sosu.

Na sauka a wani ƙaramin otal kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, a titin da Turkawa da mutanen Afganistan suka cika. Mai otal ɗin wani dattijo ne ɗan Kabul, shi ya nuna min alƙibla da masallaci mafi kusa. Ɗakin babu na'urar sanyaya ɗaki, babu fanka, sai taga. Su wai lokacin zafi ne, ni kuwa da na baro Dubai a watan Yuni da bargo na kwana. Abin da ya fi rikita ni rana ce. Ƙarfe tara tana nan tsaye, magariba sai wajen goma, kafin ka yi juyi biyu asuba ta yi. Kwana uku ina duba agogo ina zargin ya lalace.

Titunansu ma sai da na koya. Akwai wani jan layi a gefen hanyar masu tafiya a ƙasa, na ɗauka ado ne, na miƙe a kai abina. Wata tsohuwa da ta isa ta haifi uwata ta zo a keke ta kusa kwashe ni, ta tsaya ta yi min faɗa da Jamusanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka. Haka kuma za ka ga mutum goma tsaye a bakin titi, babu mota ko ɗaya, suna jiran fitila ta ba su hannu. A Deira tamu ta Dubai da an ce ba su da lafiya.

Kwanakin farko abincin Turkawa na riƙe, gurasa da yankakken nama, don shi na tabbatar da yankansa. In ka ce a ba ka ruwa sai a kawo maka mai gas, mai yi maka tsiwa a hanci, kuma ba kyauta ba. Da safe akwai wani gidan burodi a kan kwana. Nan na gano wani dunƙulen cakulan baƙi, kamar ƙwallon fura, an barbaɗe shi. Tambaya ɗaya na iya, ita na yi: babu alade? Yarinyar ta ce babu. Na ci ɗaya na ji wani ɗumi mai daɗi ya sauka min a ƙirji. Kullum sai na ci biyu. Har na sa aka cika min ƙaramin kwali na ce tsarabar Kawu ce.

Injin yana wata unguwa ta 'yan gwanjo, titi guda cike da tsofaffin firij da tayoyi da motoci masu jiran jirgin Afirka. Nan na haɗu da Malam Isiyaka, mutumin zangon Kumasi, mai tuƙa motar ɗaga kaya. Hausarsa irin tasu ce, mace ma "ya zo" ne, amma mun fahimci juna sarai. Shi ya kunna min injin, ya nuna min inda aka yi wa fenti don a rufe tsatsa. Da na ambaci Bashir sai ya ce, "Mai hanci? Ina ganin shi Juma'a a masallaci." Na tambaye shi aikin me yake yi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwanka ne, ka tambaye shi."

Ranar Alhamis na kira Bashir. Ya ce in same shi a bakin kogi, inda ƙananan jiragen ruwa ke ɗaukar fasinja kamar motocin haya. Na hango shi tun daga nesa, tafiyarsa ba ta sauya ba, sai gemu da ya tara da wata rigar ruwa.

Ya ce, "Bawana, wa ya ba ka izinin fita daga gida?"

Na ce, "Ka ji ɗan gudun hijira. Ni ne ubangidanka ko a gaban alƙali."

Muka rungume juna, na ji ƙashin bayansa a hannuna. Muka zauna a kan wani benci, na ba shi ƙunshin, na ce Hajiya mahaifiyarsa ce ta aiko, na ba shi labarin kilishi. Bai ma saurare ni ba. Igiyar yake kallo. Ya sa yatsa ya ja wani ɗan bakin zare, ƙullin ya warware gaba ɗaya.

Ya ce, "Umma ba ta iya wannan ƙullin ba. Kuma Baba ba ya barin ma'aikata su yi shi, sai kayan da ya ɗaure da hannunsa." Ya naɗe igiyar a tafinsa. "Ya ga bidiyon ko?"

Na ce ya gani.

"Ya aiko ka ka duba ni."

Na so in musa, amma mutumin da kuka yi satar mangwaro tare ba ka iya yi masa ƙarya ido da ido. Na gaya masa abin da Kawu ya ce, ban rage ba. Ya dubi manyan jiragen kwantena da ke ƙetaren ruwa. Sannan ya miƙe ya ce, "To, tunda duba ni ka zo yi, sai ka duba da kyau. Amma fara cin abinci."

Ga amsar masu tambayar kifi. E, gaskiya ne. Burodi ne ake tsagawa a sa kifin da aka jiƙa a gishiri da ruwan tsami, ba a dafa ba, ba a soya ba, a ɗora albasa. Sanyi ƙalau. Na gatsa na tsaya, na rasa ko in haɗiye ko in nemi inda zan tofar. Bashir yana ta dariya har da riƙe ciki. Na ce a kawo yajin Hajiya. Da na barbaɗa sai ya shiga, har na ƙara rabi. Ana cikin haka wani farin tsuntsun teku ya sauko ya fizge sauran daga hannuna. Na ce ya je, shi ma bai san daɗi ba.

Da yamma Bashir ya kai ni wani gidan abinci na tsofaffin matuƙan jirgi. Ya yi doguwar magana da mai kawo abincin kafin a kawo mana soyayyen kifi da dankali da wata miya mai yaji-yaji ta mastad, don a ƙa'ida da kitsen alade suke soya dankalin. Teburin kusa da mu wasu mata biyu ne, da alama aminai, suka ci suka sha suka yi hira, da aka zo biya kowace ta biya nata. Na ce wa Bashir a Kano wannan ai ƙarshen zumunci ne. Ya ce a nan shi ne yake sa zumuncin ya daɗe.

Washegari da safe ya ce in zo wajen aikinsa na farko. Wata unguwa ce ta dogayen gine-ginen jan bulo, ruwa yana bi ta tsakaninsu, tsofaffin rumbunan ajiyar gahawa da shayi da darduma. Tun daga gada ƙamshi ke tarbarka. Mai wurin wata dattijuwa ce, Heike, doguwa mai gajeren farin gashi. Buhunan ɗanyen gahawa jibge, daga Habasha, daga Birazil, daga ƙasashen da ban san ana noma a cikinsu ba. Mu a Dubai mun saba da gahawar Larabawa, ruwa-ruwa da ita, a ɗan ƙaramin finjali da dabino. Su nasu ilimi ne guda.

Aka jera kofuna goma sha biyu a kan dogon tebur. Kowa ya ɗauki cokali, ya ɗebo, ya zuƙa da ƙara irin wadda in yaro ya yi a gaban baƙi sai an ranƙwashe shi, ya juya a baki, ya tofar a wani gwangwani. Bashir ya bi layin, ya tsaya a kofi na bakwai, ya ce buhun nan ya sha damshi a jirgi. Aka je aka farke buhun, ƙasansa ya fara fumfuna. Heike ta ce min da Turanci shekara talatin tana wannan aiki, ba ta ga hanci irin nasa ba, wai a ina ya koya. Na ce kakanmu mai kayan yaji ne a kasuwar Kurmi, muna yara yakan rufe mana ido ya sa mu bambance kimba da masoro da kanumfari. Ni kullum ni ke shan ranƙwashi. Gaskiya na ji alfahari ya kama ni a wurin, har na manta abin da ya kawo ni.

Da aka zauna shan gahawa ta gaske sai na ce bari in yi bajinta, na ciro kwalin tsarabata. Ban ko buɗe ba Bashir ya ɗaga kai.

Ya ce, "Rabi'u, me ke cikin nan?"

Na ce, "Cakulan ne. Na tambaya, babu alade. Kawu zan kai wa."

Ya ce, "Nawa ka ci?"

Na ce bibbiyu, kwana biyar.

Ya kifa kansa a kan tebur, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya iya gaya min cewa da barasar rake ake kwaɓa abin, sunansa ma ke nan da yarensu. Heike ta so ta kwantar min da hankali, ta ce wasu gidajen ƙamshin kawai suke sawa. Ta gutsuri ɗaya ta tauna, ta ce a'a, wannan na gaske ne. Na tuna ɗumin nan da nake ji a ƙirji ina cewa albarkar cakulan ce. Na yi ta istigfari, na je na kurkure baki kamar zai fitar da na ranar Litinin.

Bashir ya share hawaye ya ce, "An aiko mai duba mashayi, ga shi zai koma da guzuri."

Na ce, "Ni ban sani ba. Kai fa?"

Dariyar ta tsaya. Ban so na faɗa haka a gaban mutane ba, amma ta riga ta fita. Ya ce, "Ni na sani. Lahadi ƙarfe shida na yamma ka zo."

Lahadi da sassafe na je kasuwar kifi ni kaɗai, don mai otal ya ce wanda bai gan ta ba bai zo garin ba. Nan ne kawai na ga Bajamushe yana ɗaga murya. Masu kifi da masu ayaba suna kan motoci suna kiran ciniki kamar 'yan Kwari, suna cusa kaya a kwando suna jefa wa mutane. A wani babban zaure kuma ana kiɗa, tsofaffi da jikokinsu suna rawa da kofunan giya ƙarfe bakwai na safe. Ƙarfe goma aka watse, garin ya mutu, ko shagon sabulu ba a buɗe ba. Na koma ɗaki na kwanta ina ta juya abin da zan gani da yamma.

Ƙarfe shida rana tana sama kamar la'asar. Wurin yana wani lungu, ƙofa ƙarama, babu ko allo mai haske. Na daɗe a bakin ƙofar. Ban taɓa shiga mashaya ba a rayuwata, kuma ban ji daɗin shigar ba, ba zan ɓoye ba. Na yi zaton zan tarar da ihu da tangaɗi. Sai na tarar da kujeru kamar goma, mutane suna hira ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin jiran likita. Abin da suke sha shi ake kira koktel, wato a haɗa abu uku ko huɗu a kofi ɗaya da ƙanƙara, kowane haɗi da sunansa.

Mai wurin, Jens, wani mai zane a hannu har wuya, ya nuna min ƙofar baya. Can na sami Bashir a kan tukunya, yana dafa zoɓon da na kawo, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, yadda Hajiya take yi. Ga tsamiya a jiƙe a wata roba. Ya ce rabin haɗin gidan nan daga tukunyar nan suke fita, mutane har daga wasu garuruwa suke zuwa don su.

Ya koma bayan kanta, ya haɗa min nawa a dogon kofi, ya ce babu komai a ciki sai zoɓo da tsamiya da lemon tsami. Na sansana sau biyu, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Na kurɓa. Wallahi sai ga ni a tsakar gidanmu na Fagge ana jiran kiran sallah da azumi. Ban taɓa shan zoɓo kamarsa ba.

Sai wasu mata da miji suka shigo suka faɗi abin da suke so. Bashir ya dube ni, ya juya ya sauko da kwalba. Ya auna a ɗan ƙaramin ma'auni, ya zuba a kan zoɓon, ya sa ƙanƙara, ya rufe kofin ƙarfen ya girgiza. Bidiyon nan ne sak, sai dai yanzu babu waya a tsakaninmu. Ya miƙa wa Jens, shi ya ɗiga a bayan hannunsa ya lasa ya gyaɗa kai, sannan aka ba masu shi. Sau bakwai na ƙirga ya yi haka kafin in daina ƙirgawa.

Da Bashir ya sami sarari muka fita ta baya muka zauna a kan akwatunan kwalabe. Ya ce bai taɓa sha ba, Jens ke ɗanɗana masa. Ya ce lokacin da karatu ya gagare shi, takardunsa suna gab da mutuwa, yana jin kunyar ya kira gida, Jens ne ya ɗauke shi wankin kofuna, ya tsaya masa har zamansa ya daidaita. Aikin gahawa kwana uku ne a mako, bai isa ya riƙe shi ba tukuna.

Ya ce, "Amma kada in fake da wannan. Ina son aikin, Rabi'u. Nan ne aka fara ce min na iya wani abu. Kuma na san hukuncin mai zubawa, tare muka yi islamiyya."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Na ce, "Ji nan. Zan gaya wa Kawu na gan ka a kamfanin gahawa, na gan ka ana girmama ka, an ce kana zuwa Juma'a. Duk gaskiya ne. Sauran in yi shiru."

Ya ce, "A'a. Ka gaya masa duka. In ka rage, mai takalma zai cika masa. Shekara huɗu ina ɓuya, na gaji. In zai cire ni, ya cire ni a kan abin da nake yi, ba a kan abin da aka ce ba."

Ya raka ni tashar jirgin ƙasa ranar Talata, sanye da hular da aka aiko masa a kan rigar ruwa. Kwalin cakulan na bar wa Heike.

A jirgi ban runtsa ba. Na shirya maganata ta kai kala biyar. Na sauka Dubai zafi ya mare ni, na yi wanka, na nufi shago. Kawu yana tsugune yana naɗe wani kwali da salatif, ya amsa gaisuwata bai ɗago ba. Na ba shi bayanin injin, ya ce madalla. Ya sallami ma'aikata su je cin abinci. Ya ci gaba da naɗinsa.

Na fara da gahawa. Na ba shi labarin kofi na bakwai da buhun da ya yi fumfuna, da abin da dattijuwar ta ce. Hannunsa ya tsaya a kan kwalin. Na faɗi maganar Malam Isiyaka ta masallaci. Daga nan na yi shiru, shi ma bai ce "sai me" ba. Na tabbata da na tsaya a nan ba zai tambaye ni ba har abada. Shi ma so yake in tsaya. 

Na ce, "Kawu, bidiyon gaskiya ne. Na shiga wurin, na ga mai shi, wani mai zane a hannu har wuya. Ba ya sha, amma da hannunsa yake zubawa, ina kallo."

Ya yanke salatif ɗin da haƙori, ya shafe bakin salatif ɗin a jikin kwalin. Ya ce, "Kama shi ka yi, ko shi ya kai ka?"

Na ce, "Shi ya kai ni. Na ce zan rufa masa, ya hana. Ya ce in gaya maka duka."

Na buɗe baki zan kawo maganar hannu da ruɓewa, ya ɗaga min yatsa. "Kada ka kawo min karin magana, na girme ta." Ya zauna a kan kwalin, abin da yake hana kowa yi. 

Ya ce, "Abin da yake yi haramun ne. Ba zai zama halal don ni na haife shi ba." Ya numfasa. "Na ce ba ni ba shi, kuma kai ne shaidata. To, in na cire shi, wa ya rage da zai ce masa ya bari? Mai zanen hannun?"

Na san ba ni yake tambaya ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Kira min shi a wayarka. Tawa ba ta da lambar."

Na kira, na ba shi, na fita na ja ƙofar shagon rabi. Na tsaya a rana ina kore masu kawo kaya, ina ce musu shwaiya, su ɗan dakata, Alhaji yana waya. Ta ƙasan ƙofar ina jin muryarsa tana hawa tana sauka. Faɗa ne sosai, har da "don ubanka", ya manta shi ne uban. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya miƙo min wayar, ya hau ma'aikata da masifa a kan wani kwali da ba shi da laifin komai. Bai kira 'yan'uwansa ba, ranar ko bayanta.

Masu tambaya ko Bashir ya bar aikin, bai bari ba, kuma ban san ranar da zai bari ba. Abin da na sani shi ne saƙon da ya shigo wayata tun tana da ɗumin hannun Kawu. Ya rubuto: "Minti arba'in yana min faɗa, bai bar ni na ce uffan ba. Ya ce zai sake kira ranar Juma'a ya ƙarasa. Allah ya saka maka da alheri."